Minti Biyar a Ƙofar Asibiti

Mai gadin asibitin koyarwa ya daɗe yana kallon mutumin nan da ke gindin katanga. Dogo ne, kafaɗar rigarsa duk tumbuɗi, yana jijjiga jaririyar da kuka ya dashe wa murya. Daga ganin takalminsa ka san ma'aikacin ofis ne da ya sato jiki. Idonsa na kan ƙofa.

Sai ga matarsa a guje cikin farar rigar ɗaliban likita, leɓenta a bushe. Ta karɓi 'yar, amma ba ta rungume ta ba. Ta taɓa maɗigarta, ta ja fatar idonta, ta kafa wa agogo ido tana ƙirga numfashi.

"Likita," in ji mijin a hankali, "ba majinyaciya na kawo miki ba. Yunwa take ji."

Ta yi turus. Ta tsuguna ta ba ta nono, 'yar ta kau da kai tana miƙa wa uban hannu.

"Minti biyar ya rage mini," ta ce. "Uwata, don Allah ki kama."

Mai gadi ya tura mata kujerarsa, ya juya baya.