Jitar Bahago

Yayana bahago ne, da sunan kuma kowa ya san shi. Yana saurayi ya sayi jita mai lantarki ta hannu, ya juya tsirkiyoyinta don ta dace da hagunsa, yana kiɗa da abokai. Da aka haifa masa 'ya sai ya sayar da ita, ya sayi tebur da dutsen guga ya buɗe shago. Ba wanda ya sa shi. Taurin kai dai gadonmu ne.

Yarinyar a ƙarƙashin teburin nan ta girma. Yana goge rigunan mutane yana wani gunguni da baki, kullum murya guda, har mu muka gaji da ji.

Yanzu ma'aikaciyar jinya ce. Da ta fara tsayawa da ƙafarta ta rantse sai ta mayar masa da jitarsa, ta kwashe mu zuwa shagon kayan kiɗa. Mai shagon ya sauko da biyu, kamarsu ɗaya, amma ɗaya daga akwatin gilashi ta fito, har sai da ya goge hannu kafin ya taɓa ta. Ta hagu kuwa babu.

"Baba, mai tsadar za mu ɗauka," in ji ta.

Yaya ya juya ta, ya rungume ta ta hagu, ya daɗe yana shafa wuyanta. Na ga yana so, ba sai an faɗa ba. Sai ya ce wa mai shago, "Nan zan sa magagari in buɗa wa tsirkiya hanya, nan kuma in huda don igiyar rataya."

Mai shago ya zaro ido. "Wannan za ka huda, Baba?"

Yaya ya ajiye ta a hankali, ya ɗauki mai arahar.

Muna isa gida yarinyar ta ja ni gefe, idonta ya kawo ruwa. "Gwaggo, gani yake ba zan iya ba ne? Komai na rayuwarsa mai araha ne saboda ni. Sau ɗaya ma ba zai bari in yi masa ba?"

Ta ba ni tausayi, na fita in wanke shi tas. Na tarar ya shimfiɗa jitar a kan teburin guga, yana ta gurza hankali kwance.

"Yaya, ka karya wa yarinyar nan zuciya."

"Waccan da na kawo ta gida, kallonta zan riƙa yi ina goge mata ƙura," ya ce. "Tsoronta nake ji. Ni kuwa kiɗa nake so, shekaru sun ja."

Ya huda, ya ɗaure tsirkiyoyin a juye, ya jona sifika. Yatsun sun yi tauri, ya yi ta tuntuɓe, na fara yi masa dariya. Can sai abin ya miƙe.

Yarinyar ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. Sautin gungunin nan ne na kan tebur, wanda muka gaji da shi.

"Baba, ashe kiɗa ne?"

"Ranar da aka haife ki na haɗa shi," ya ce. "Ban taɓa samun kaɗa miki ba."

Ta ja kujera ta zauna kusa da teburin. "To sake daga farko."