Zumar da Na Kai wa Baba

Mahaifina, Malam Dabo, mai alewa ne a Fagge. Shekara talatin yana dafa ta a zauren gidanmu, yana jan ta a jikin turke har ta yi fari, sannan ya ɗora faranti a ka ya nufi Sabon Gari. Ba ya auna komai. Harshensa ne ma'auninsa: ya lakato da tsinke, ya ɗanɗana, ya ce ta yi ko da saura. Mutum ne mai jiki da son raha, har abokan wasansa na ce masa rabin jarinsa a cikinsa yake ƙarewa.

A shekarar 1954 ya fara ramewa. Ga ci, ga shan ruwa randa guda, amma kullum riga ƙara yi masa yawa take. Lokacin ina gidan mijina a Kwaciri, ni ce babbar 'yarsa, kuma tun rasuwar Inna ni ke aika masa abinci. Mata suka fara magana a gidan suna, wai Ummakulsum ta bar ubanta da yunwa. Maganar ta ci mini rai ƙwarai.

Baba yana da wani tsohon mai sayen alewarsa, Cyprian, ma'aikacin wani ɗakin shan magani a Sabon Gari. Shi ya matsa sai da muka je. Ya zuba wani shuɗin ruwa a siririyar kwalba, ya ɗiga fitsarin Baba a ciki, ya kara a wuta. A gaban idona ruwan ya koma ja kamar jar ƙasa.

"Malam Dabo, ciwon sukari ne," in ji shi. Ya juyo gare ni, don ya san ni ce mai tukunya. "Umma, ki saurara. Tuwo da fura da rake, duk sukari suke komawa a cikin jini. Naman jiki yana jan sukarin nan, ya ƙona shi a hankali da iskar da muke shaƙa, daga nan ƙarfi yake fitowa. Shi babanki sukarin ba ya shiga naman. Kamar itace ne jibge a ƙofar ɗakin girki, ƙofa a kulle, murhu ba wuta. In kin ƙara itace, tare hanya kawai zai yi. Ku kai shi babban asibiti a fara masa allura, kuma a raba shi da zaƙi."

Na ce to, amma a baki kawai. A raina cewa na yi, wannan mutum bai san darajar uba ba. Mutum yana ƙarewa a tsaye, a ce maganinsa a rage masa abinci? Allura kuma Baba ya ce ba za a riƙa huda shi kullum ba, ni ma na goya masa baya, don hakan ya fi mini sauƙi.

Ƙanena Salmanu shi ya ɗauki maganar da gaske. Ya hana dafa alewa, ya sa matarsa tana yi wa Baba dafaffen zogale da wake. Baba ya riƙa kallon kwanon kamar an yi masa mutuwa. Ni kuwa kowace hantsi, in Salmanu ya tafi kasuwar Kwari, sai in shigo da kunun gero a ƙarƙashin mayafi, na kwarara masa zuma mai kyau ta ƙauye. In zauna ina kallonsa yana sha, ina jin ni ce 'yar kirki a gidan.

Wata biyar muka yi a haka. Idonsa ya fara dishi-dishi, wani ɗan ƙurji a yatsarsa ya ƙi warkewa. Cyprian ya zo dubiya sau biyu, ya tambaye ni ko ana kiyayewa. Na dubi tsabar idonsa na ce ana yi.

Ranar wata Laraba na kai kunun kamar kullum. Ya sha rabi da ƙyar, ya kama hannuna, ya ce, "Umma, duk gidan nan ke kaɗai ke tausayina. Allah ya yi miki albarka." Bayan azahar ya yi barcin da aka kasa tashinsa, bayan kwana biyu rai ya yi halinsa.

Kwana na Allah ne, na sani, kowa ma haka ya gaya mini a zaman makoki. Har Salmanu ya rasu, shekaru bayan haka, bai san da zancen zumar ba. Albarkar nan kuwa ita ce magana ta ƙarshe da Baba ya yi mini, kuma har yau ban iya ce mata amin ba.