Kifin Amana da Kanwar Akawu

Na ga masu kiwo iri-iri a yawon da na yi. A Kartum na ga mai barewa a tsakar gida, a Alƙahira na ga masu gina wa tattabaru hasumiya, a Landan na ga tsohuwa ta saƙa wa kare riga. Duk sun fi wani maƙwabcina na Kaduna hujja, domin barewa da tattabara ana ci, kare kuwa ko banza zai yi haushi. Shi kifi ya yi wa bauta, kifin da ba a miya da shi, kuma ba nasa ba.

Lokacin saura 'yan shekaru a samu mulkin kai. Ina tafinta a ofishin gwamnati, shi akawu ne, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a layin ma'aikata. Ya yi kwas na 'yan watanni a Ingila, ya dawo da lema da lofe da Turanci na ta hanci. Duk abin da aka yi a gargajiyance, sai ya taɓe baki ya ce, "Aikin ƙauye." Burinsa ɗaya ne. Ana ta ɗaga 'yan ƙasa zuwa kujerun Turawa, akwai kujerar mataimakin sakatare da za ta faɗo, kuma Baturen ofishinsu ne zai faɗi wanda ya dace.

Baturen nan yana da kifi biyu a cikin akwatin gilashi, asalinsu daga kogunan Amurka ta Kudu. Turawa na ce musu diskas, mu muka sa musu kifin faifai, don zagayayyu ne, sirara, ja-ja da ratsin shuɗi. Ya daɗe yana fama su haihu, sun ƙi. Da hutunsa na Ingila ya zo, aka ce wani zai shiga gidansa, ya nemi mai riƙe masa su. 'Yan'uwansa Turawa kowa ya zame, don sun san wahalar. Akawu ya miƙa wuya.

A mota aka kawo akwatin, aka fitar da kujerun falo aka ba shi wuri. Aka ɗebo yashi daga kogi, aka yi ta wanki har ruwansa ya fita garau. Ruwan famfo bai yi ba, na rijiya bai yi ba, sai ruwan sama da aka tara a ganga. Ga na'ura mai hura kumfa, ga ƙarfe mai ɗumama ruwa, ga ma'aunin zafi. Bature ya jera sharuɗɗa: a riƙa rage ruwan ana ƙara sabo kaɗan-kaɗan, kada a ƙwanƙwasa gilashi, kada a yi hayaniya, kada a zuba komai a ciki sai abinci. Abincin kuwa zuciyar saniya ce a kankare, da 'ya'yan sauro masu rai. Sai ga babban ma'aikaci yana kiwon sauro a tukunya a bayan ɗaki, in ya hango duba-gari ya kifa mata kwando.

Matar Akawu ta fara kawo turminta gidanmu, don an hana daka.

"Malam tafinta, ka ga baƙin da muka yi?" in ji ta. "Yaro ya yi kuka a ce a fita da shi, kifi na hutawa. Ni da na haifa masa 'ya'ya bai taɓa auna zafin ruwan wankana ba."

Gaskiya ɗaya zan faɗa masa, ya yi aikin. Damina ta yi albarka, gidan shiru kamar maƙabarta, kifayen suka yi ƙiba. Har gayyatar mutane yake yi kallo, a tsaya nesa, a yi magana ƙasa-ƙasa kamar an je dubiya.

Ana saura kaɗan Bature ya dawo, wata la'asar ya leƙo ta katanga, ba lofe, ba Turanci.

"Tafinta, don Allah zo ka gani."

Kifayen sun yi baƙi, sun maƙale a lungu ɗaya, abinci ma ba su damu da shi ba. Jikinsu ya yi yauƙi fari-fari, ga wasu ƙananan abubuwa rututu manne a haƙarƙarinsu.

"Kaska ce," in ji shi. "Ko kwarkwatar ruwa."

"Ni Larabci da Faransanci na karanta, ban karanta kifi ba," na ce. "Ka buga wa mai su waya Ingila."

"In buga waya in ce na kasa? A wannan lokaci?"

"To ai ya ce kada a zuba komai."

"Ya faɗa ne suna lafiya."

A nan Ingila ta sauka daga kansa, gidan ubansa ya hau. Ɗan masu kiwo ne, kuma a gidansu dabba in ta rame, ta ƙi ci, gashinta ya dushe, magani ɗaya ne, kanwa. Akuya kanwa, saniya kanwa, doki kanwa. Bai sayi ta banza ba, ungurnu ya aika aka sayo, wai kifin Bature ai sai mai kyau. Ya jiƙa, ya tace da ƙyalle mai tsabta, ya auna da cokalin shayi, don a san ya je kwas, ya zuba musu. Kowace mace a garin nan ta san kanwa tsami take kashewa, kifin nan kuwa ruwa mai ɗan tsami-tsami yake rayuwa a ciki. Kafin magariba sun juya ciki sama.

Ranar da Bature ya dawo ofis, Akawu ya roƙe ni in raka shi shaida. Ya sa kwat, ya tsara bayani da Turancinsa mafi tsada: yadda cuta ta shigo, yadda suka yi baƙi, yadda kaska ta rufe su, yadda ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Bature ya ɗaga hannu. "Kaskar nan, tana iyo?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe. Ta saki wannan ta kama wancan."

Baturen ya yi ja har kunne, ya zauna. Da ƙyar ya ce, "'Ya'yansu ne."

Ashe haka suke renonsu. Iyayen su yi baƙi, jikinsu ya fitar da yauƙi, 'ya'yan su manne suna tsotso kamar nono. Abin da Bature ya yi shekaru yana nema, a falon Akawu ya samu, Akawu ya zuba masa kanwa. Daga baya na gani da idona a wani kanti a Hambug, Bajamushe mai kantin na nuna mini yana alfahari, ni kuwa dariya ta hana ni sauraro.

Kujerar kuwa, wani aka ba. Ba na cewa wancan ya fi shi iya aiki, bai fi shi ba. Amma haka aka riƙa raba mana muƙamai a ƙarshen zamanin Turawa, mutum ya yi shekaru yana aiki, kifi biyu su yanke masa hukunci. Akawu aka mayar da shi ɗakin ajiye tsofaffin fayil, can ya tsufa da lemarsa.

Bature bai ko aiko a ɗauki akwatin ba. Matar Akawu ta wanke shi tas ta jera tangaran ɗinta a ciki, ta dawo da turminta gida.