Shafin Da Bappa Kalilu Ya Bar Mini

Ina tsakiyar darasi wayar ta shigo, ranar Laraba, 11 ga Yuni, 2025, daidai da 15 ga Zulhijja, 1446. Zayyanu ne, babban ɗanka. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Bilki, sai haƙuri. Baba ya cika da hantsin ga." Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Na faɗi haka da bakina, amma na daɗe tsaye da alli a hannu, har ɗalibaina suka fara kallon juna.

Haka ka tafi, Malam Kalilu Tungar Marke, wan mahaifina, tsohon hedimasta, a gidanka na Sabon Birni, kana da shekara saba'in da huɗu, kwana biyar bayan Babbar Sallah. Kafin motar da na shiga daga Sakkwato ta iso, an riga an kai ka.

A zaman makoki na ji alherinka iri-iri, har da wanda ban sani ba. Wani ya ce kai ka koya masa riƙon alƙalami, yau ga shi da furfura. Wata tsohuwa ta ce shekara biyu tana kwana a ɗakin da kake ajiye littattafanka, ba ka taɓa tambayarta ranar tafiya ba. Ni ma ina da nawa. Kai ka zauna da mahaifina kwana uku kana lallashinsa har ya yarda na wuce kwaleji, kai ka kuma ɗauke ni a bayan kekenka zuwa tasha, akwatina a kan cinyata. Amma abin da nake so in rubuta a kanka shi ne littafin nan, da abin da ya shiga tsakanina da kai saboda shi.

Ƙauyenmu, Tungar Marke, a ƙasar Kurawa yake. A daminar 2021 'yan bindiga suka tashe shi. A wannan daminar aka kashe mahaifina, Is'haƙa, ƙanenka, yana tsakiyar noma. Mutanen gida arba'in da uku suka watse, wasu Sabon Birni, wasu Isa, wasu suka tsallaka iyaka. Mutum goma sha tara kai ka sauke su a gidanka. Da hankali ya ɗan kwanta sai ka sayi littafin rubutu mai kauri, ka ce za ka rubuta ƙauyen gida-gida: wa ke ciki, wa ya haifi wa, ina gonarsu ta fara ina ta tsaya, wace itaciya ce shaida. Ka ce ciyawa za ta cinye iyakoki, tsofaffi za su ƙare, kuma wata rana 'ya'yanmu za su koma.

Tun daga ranar ba ka yi fashi ba. Da an sallame sallar asuba sai ka shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron tsakar gida, ka sa tabarau, ka yi shafi ɗaya, ka tashi idan rana ta taɓa bakin rumbu. Ranar da jiki ya ƙi, layi uku. Ranar da aka yi ruwa, ka koma zaure. Duk wannan bai ba ni mamaki ba, don na san ka da taurin kai irin na gidanmu. Abin da ya ba ni mamaki shi ne Sallah.

Kowa ya san yadda gidanka ke zama da Sallah. Tabarmi ba sa isa, takalma sun cika ƙofar zaure, jikoki na tsalle a kan mutane, hayaƙin suya na shiga ido. A irin wannan rana ko mai shago rufewa yake. Kai kuwa sai ka yi shafinka kafin a tafi idi, kana sanye da sabuwar riga. Na taɓa ce maka, "Bappa, yau ɗaya dai a huta mana." Ka dube ni ta saman tabarau ka ce, "In na aje shi yau don Sallah, gobe za ni aje shi don gajiyar Sallah, jibi don baƙi ba su tahi ba. Sai ki ga wata ya mutu. Ko layi ukku na, a rubuta."

Daga baya ma sai ka mai da Sallar kanta ma'aikata. Ita ce kaɗai lokacin da mutanen Tungar Marke ke haɗuwa, kowa ya zo gaishe ka daga inda ya faɗa. A ko'ina babba ke ba da barka da Sallah, kai sai ka juya abin. Duk wanda ya durƙusa ya gaishe ka, za ka miƙa masa goro, sannan ka buɗe littafi ka ce shi ma ya ba ka taka barkar: abu ɗaya da ya tuna na gidansu. Wasu su yi dariya, wasu su fara da dariya su ƙare da share ido. Shafukan Sallah ba sa ɓoyuwa a littafin, duk suna da tabon maiƙo, don kana rubutu ana tura maka soyayyen nama.

Ba za ni manta Sallar da Arɗo Illo ya zo daga wajen Turba da ƙwaryar nono ba. Dattijon Fulani ne da ya yi shekara hamsin yana bi da shanu ta gefen ƙauyenmu. Ka zaunar da shi ka ce ya bi maka burtali da baki, daga rijiya har mashaya, itaciya bayan itaciya. Tun hantsi kuke abu ɗaya har aka kira azahar, tuwo ya huce a gabanku. Inna Halima, matarka, ta leƙo ta ce, "Malam, baƙon ga yawon Sallah yaz zo ko shari'a?" Arɗo ya ce a ƙyale ku, rabon da wani ya tambaye shi hanyar shanunsa don ya rubuta, ba don ya tare ba, ya manta.

Kuma littafin ya yi aiki tun kana raye. Da bazarar bana Kamalu da Hafizullahi, 'ya'yan wa da ƙane, suka yi ƙarfin hali suka koma sharar gona. Suka tarar gambar da ke raba gonakinsu ta bazu ta haɗe, magana ta yi zafi har suka daina gaisawa. Ka kira su, ka karanta musu abin da iyayensu biyu suka faɗa maka a Sallah daban-daban, kuma bakinsu ya zo ɗaya: daga marken da tsawa ta tsaga zuwa tsohon suri. Suka tashi suna jin kunyar juna.

Yanzu sai laifina. Ni ce ake kira marubuciya a danginmu, saboda 'yan gajerun labarai da aka taɓa karantawa a rediyo. Ina da littafin da ya shekara shida a babi na huɗu. Kalmata ɗaya ce, irin ta tela da magini da duk mai neman a ɗaga masa ƙafa: sai bayan Sallah. Har suna ka sa mini, Hajiya Bayan Sallah, kana kira jikoki na amsawa.

Gida arba'in da biyu ka rubuta da hannunka. Na arba'in da uku, gidan Is'haƙa, ka ce ba za ka taɓa shi ba. "Ni ƙane nir rasa, ke uba kir rasa," ka ce. "Ke ka rubuta shi." Sallah bakwai kana tuna mini, ƙarama da babba, ni kuma ina kawo dalili: jarrabawa, baƙi, ciwon kai. Gaskiyar da ban taɓa faɗa maka ba ita ce tsoro nake ji. Ni ke kai wa mahaifina fura gona, na san kowace kunya ta gonar nan. Na kuma san kalgon da aka same shi a gindinsa. Duk ranar da na ɗauki biro, nan nake zuwa in tsaya.

Washegarin Sallar bana, ranar Asabar, ina durƙushe a bakin murhu ina juya nama, sai ga ka da sandarka har cikin mata, abin da ba ka saba ba, littafin a hammatarka. Ka ce na arba'in da biyu ya kammala tun jajibiri, saura nawa. Na ɗago hannuwana na ce, "Bappa, dubi hannuna, duk mai na. Sai bayan Sallah." Ka yi murmushi ka ce, "Wace? Ta bana ko ta baɗi?" Matan suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Ka juya a hankali ka koma zaure. Ranar Litinin na shiga mota. Wannan ita ce maganarmu ta ƙarshe a kan rubutu, kuma tana ci mini rai.

Ranar Alhamis da la'asar Inna Halima ta kira ni ɗakinta, ta zaro littafin daga ƙarƙashin matashi. Ta ce, "Ga kayanki. Hal ranar da yac cika sai da yay yi layinai ukku." Na buɗe. A saman wani shafi ka rubuta Gidan Is'haƙa, ka ja layi, ka bar shi fari. Gidaje sun ƙare maka, amma ba ka fasa zaman asuba ba. Sai ka juya bayan shafin, kullum kana ajiye mini abin da zai taimake ni.

Ranar Sallah ka rubuta cewa lallen da ke bayan ɗakin mahaifiyata mahaifina ne ya dasa shi, shekarar da aka haife ni. Shafin Asabar yana da tabon babban yatsanka na maiƙo, a ƙasansa ka ce: "Yau ma Bilki ta ce bayan Sallah. Za ta yi. Ba lalaci ba ne, tsoro take ji." Ashe ka sani, shekara huɗu ka sani, ka bar ni da sunan raggo don kada ka tona ni a gaban mutane. Na ranar Laraba rubutun ya karkace, da ƙyar na karanta: "Ba sai na faɗa mata iyaka ba, ta fi ni sani. In ta zo ga kalgon, kada ta tsaya. Gonar ta wuce nan da nisa."

Ranar Juma'a aka yi addu'ar uku. Gidan ya fi kowace Sallah cika, tukwane a kan wuta tun kafin gari ya waye, ga baƙi, ga hawaye. Ban taɓa samun dalilin ɗagawa mai ƙarfi irin na ranar ba. Da na idar da sallar asuba na ɗauki tabarmarka na shimfiɗa a gindin dogon yaro. Wata ta zo kirana in kama aiki, Inna Halima ta ce, "Ku ƙyale ta, aikin Malam taka yi." A rubutun na fara daga ƙofar gidanmu, na bi ta gefen lallen, na fita hanyar rijiya da ƙwaryar fura a kaina. Na zo ga kalgon. Na yi kuka a nan, ba za ni ɓoye ba, har tawada ta ɗan baje. Sannan na wuce, na bi kunyoyin gero har tsamiyar da ta raba mu da gonar su Kamalu. Ina sa aya rana na taɓa bakin rumbu. Tun ranar ban tsallake asuba ko ɗaya ba, wannan ta'aziyyar ma a kan tabarmar na rubuta ta.

Ina miƙa gaisuwata ga Inna Halima, wadda ta yi shekara arba'in da tara tana ɗumama maka tuwon da rubutu da hira suka sa ya huce. Ina yi wa Zayyanu da Rahmatu da ƙannensu ta'aziyya, da jikoki, da ɗalibanka, da Arɗo Illo da ya zo ya zauna da mu, da dukan mutanen Tungar Marke duk inda wannan ya same su. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya mai da mu gida lafiya.

Ya Allah Ka gafarta wa bawanka Kalilu, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa kowane layi da ya rubuta ya zama sadaka mai gudana gare shi. Bappa, ka yafe mini jinkirina. Gidajen sun cika arba'in da uku. Allah Ya ba ka naka a Aljannar Firdausi, kusa da na ƙanenka. Amin.