Ƙashin Kafaɗar Alade

Ko zan manta da komai na zaman London, ban da ranar da kafaɗar alade ta kusa raba ni da matar aure.

Ni Kirista ne ɗan kudancin Kaduna, a unguwar Edmonton nake zaune. Baban yarinyar da nake nema ya zo daga gida ganin likita, sai na ce bari in burge tsoho, in banda masa nama a gangar da na ajiye a bayan gida. Mahautan unguwarmu duk Turkawa ne Musulmi, ka ambaci alade su yi maka kallon hadarin kaji, don haka sai da na hau bas har shagon wani Bature. Ya ajiye mini kafaɗa biyu, ya ce mai ƙashi ta fi daɗi amma tana cin lokaci, marar ƙashi kuwa sai yanka kawai. Na tuna bakin tsohon nan, 'yan haƙoran da suka rage ma ba sa ga maciji da juna. Na ce a zare ƙashin. Ni a dole mai tausayi.

Wuni na yi ina shan hayaki har naman ya yi luguf. Na kai gabansa, na durƙusa. Ya juya shi da cokali, ya sake juyawa.

"Ɗana, ina ƙashin?"

"Baba, na sa an cire ne don ka ji sauƙi."

"Sauƙi? A garinmu ƙashin kafaɗa rabon babba ne. Tsoka zalla sai yara. Wane dattijo ka ba wa nawa?"

Ya ture farantin. Yarinyar ta ja ni kicin, ta ce, "Ka yi messing up fa. In bai ci ba, ba zai saurari mutanenka a kan maganar aure ba."

Na koma wurin Baturen ina haki. Ya nuna mini wani bokiti, ya ce masu karnuka yake tara wa ƙasusuwan, in ɗauka kyauta. Na tona, na samo nawa, na wanke, na gasa, na dasa shi a tsakiyar naman. Tsoho ya ɗaga ya duba, ya tsotsa da dasashi, ya lumshe ido.

"Yawwa. Mutanenka su zo."

Ga mu yau da 'ya'yanmu, kuma har yanzu bai san rabon wa ya ci ba. Ni dai na koyi darasi: kafin ka tausaya wa dattijo, tambayi 'yarsa. Tsoho zai yafe maka nama mai tauri, amma ba zai yafe maka rage masa girma ba.