Mai Katin Otal

Edna tana zaune a wani otal a Jimeta, tana jiran a buɗe zauren taro, idonta na kan mutumin da ya kafe a gaban kantar karɓar baƙi. Kwat ta matse shi a hammata, turarensa ya cika wurin, yana ƙwanƙwasa kati a kan katako kamar mai kiran yaron gida.

Katin tara maki ne, wanda in ka yawaita kwana ake ba ka ɗaki kyauta. Yarinyar da ke bayan kantar tana yi masa bayani a hankali.

"Oga, in wani ne zai kwana, maki ba ya shiga. Sai mai katin da kansa."

"Wa ya ce miki ba ni ba ne?"

A bayansa wata tsohuwa ce tsaye, riƙe da leda da takardun asibiti, ƙafafunta sun kumbura har sun fi ƙarfin silifas. Hancinsu iri ɗaya. Ko kujera bai nuna mata ba.

Edna ta san irinsu. Ƙila yana da gida a unguwar Shagari Low Cost, har da ɗakin baƙi, sai dai tsohuwar ƙauye ba za ta dace da labulen ba. Ranar Lahadi kuwa shi ne a layin gaba a coci.

Ya karɓi makulli, sai yanzu ya waiwayo ya duƙa kusa da kunnen tsohuwar.

"Mama, in an tambaye ki, ki ce gaishe ni kika zo yi."

Ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "To, ɗana. Na gaishe ka."