Saƙon da Tsoho Ya Binne a Cikin Gaisuwa

Duk wanda ya bi ta lungun bayan masallaci a unguwar Utaibiyya ta Makka da la'asar ya san Tsoho mai tsire, ko idonsa bai gan shi ba hancinsa ya gaya masa. Larabawa "sire" suke cewa, su yi layi har bakin titi suna hawaye saboda yaji, gobe kuma su dawo. Sunan kakansa da ya tako daga Kano da ƙafa aka sa masa, shi ya sa ake ce masa Tsoho tun yana goye. Sai da ya ba sittin baya sannan sunan ya zauna masa daidai.

Arzikinsa duka a saman bene yake. Gidan na gado ne, shi yana hawa na biyu, taubashinsa Wada yana ƙasa. A saman nan yake shanya barkono da citta da kilishi, ranar Makka tana yi masa aiki ba hutu. Idan aka raba shi da wurin, sai dai ya shanya yaji a kan gadon matarsa Rabi'atu, ita kuwa ta riga ta faɗa masa inda zai kwana ranar da ya gwada.

To sai ga Wada zai aurar da ɗansa Hudaifa, yana son gina masa ɗakuna biyu a sama. Ya ce ai Tsoho ya ba shi rabonsa kyauta shekara uku da suka wuce, a saƙon murya. Ina saƙon? Wayarsa ta ɓata a cunkoson Jarwal lokacin hajji. Don haka lauyansa Bandar, mai ƙamshin turare kamar shago, ya roƙi kotu ta tilasta wa Tsoho ya fito da saƙonnin da ke cikin tasa wayar kafin a shiga shari'a.

Abin da ya hana Tsoho sakat shi ne, ya faɗa ɗin. Wata rana Wada ya dame shi da ƙorafin atishawar da barkono ke sa shi, shi kuma cikin fushi ya danna waya ya ce abin da ya ce.

A zaman farko, wanda aka yi ta bidiyo, Tsoho ya shaida wa alƙali cewa wayar ba ta da lafiya.

"Wadda kake yi mini magana a cikinta?" in ji alƙali.

"Allah ya gafarta malam, yau ɗin dai ta ɗan samu sauƙi."

A zama na biyu ya ce akwai sirrin iyali a ciki, ba ya yiwuwa wani ƙato mai turare ya saurari muryar Rabi'atu. Alƙali ya ce babu mai neman muryarta, na tsakaninsa da Wada kawai ake so. A zama na uku sai shi ma ya shigar da buƙata: a tilasta wa Wada ya kawo wayar da ta ɓata. Wata bakwai ana wannan. Daga ƙarshe alƙali ya cire tabarau ya ce, "Ya ammi, baffana, kwana goma na ba ka. Idan ba ka kawo ba, zan ɗauka abin da Wada ya faɗa haka yake."

Tsoho ya dawo gida yana murmushi. Rabi'atu ta dube shi ta ce, "Abu Hadil, wannan dariyar ba ta alheri ba ce."

"Saƙo suke so ko? Za su ƙoshi."

Ya je wurin mai gyaran waya a kasuwar Zahir, aka kwashe masa hirarsu duka ta shekara tara, saƙo dubu biyu da ɗari shida, Hausa cakuɗe da Larabci. Kotu kuwa sai an fassara mata komai zuwa Larabci. Kuma kowa ya san Tsoho ba ya shiga magana sai ya yi gaisuwar minti huɗu: ina gajiya, ya zafi, ya iyali, ya ƙafar nan, ya tattabarun maƙwabta. Lissafinsa shi ne, kafin su fita daga gaisuwa Hudaifa ya yi jika.

Aka ba wata tafinta aikin, Asma, 'yar mutanen da suka zo ta Sudan. Yini guda ta yi tana sauraro, ta cika shafi goma sha ɗaya, ba a ambaci bene ko sau ɗaya ba. Washegari ta ce ba da ita ba, ta jera saƙonnin daga mafi gajarta. Na farko sakan tara ne. A shekara tara, sau ɗaya tak Tsoho ya yi magana babu gaisuwa.

Ranar zama ta kunna shi kowa ya ji: "Ɗauki saman, na ba ka! Ka haɗa da barkonon ka cinye!"

Tsoho ya sunkuyar da kai. Bandar ya gyara zaman rawaninsa yana washe baki.

"Akwai na biyu, ya shehi," in ji Asma. "Sakan goma sha ɗaya, minti biyu bayan wancan. Muryar mai ƙara ce."

Sai ga Wada tar-tar: "Riƙe tsiyarka, bawana! Wurin da ko ƙuda atishawa yake yi? Ban karɓa ba, ba na so!"

Alƙali ya mayar da tabaransa ya dubi Tsoho. "Kana da wannan a hannu, ka wahalar da mu wata bakwai?"

"Wallahi yau na fara jin sa. Ni ba na buɗe saƙon Wada. Tun muna yara bai taɓa faɗin abin saurare ba."

"Shekara tara!" Wada ya daka tsawa har hotonsa na bidiyo ya karkace. "Ta'aziyyar da na yi maka fa? Maganin basir ɗin da na karanto maka fa?"

Bandar ya yi wuf ya roƙi kotu ta jingine saƙonnin nan da ya yi wata bakwai yana nema, wai wasan taubasai ne kawai. Alƙali ya ce idan na Wada wasa ne, na Tsoho ma wasa ne. Idan kuwa da gaske ne, an ba da kyauta an ƙi karɓa. Ya zaɓi wanda ya fi masa daɗi. Aka kori ƙara.

Saman bene yana nan a hannun Tsoho, Hudaifa ya kama haya a Zahir. Sai dai Wada ya daina tura saƙo. Kullum da hantsi yakan hau matakala da kujerarsa, ya zauna dab da kunnen Tsoho yana atishawa, ya faɗa masa duk abin da bai saurara ba, tun daga shekarar farko. Jiya dai sun kai wata na huɗu.